Sunan da Ya Jira Labaran Safe

Ni dai tun da aka ce sojoji za su koma bariki a miƙa wa farar hula mulki, na ce Allah ya sa alheri, na ci gaba da hawa kekena zuwa firamaren Ɗankaza inda nake koyarwa. Na ga irin wannan miƙa mulkin ina saurayi, na sha rana na jefa ƙuri'a, aka zo aka hamɓarar. Na sake bin layi a bayan hoton mutum aka ƙirga mu kamar awaki, aka zo aka soke. To me ya rage da zan yi wa zumuɗi? Shekara ashirin da biyu ina riƙe da alli, kowace gwamnati ta zo ta tarar da rufin ajinmu yana yoyo a kusurwa guda, ta tafi ta bar shi yana yi. Amma ƙanena Nasiru, wanda duk Wudil ke kira Auta, shi kam siyasa ta shige masa jini.

Mahaifinmu kuwa ba ruwansa da wanda ke mulki. Maɗinkin rigunan hannu ne, shekara hamsin yana zaune a soron gidanmu da allura yana fitar da aska takwas a ƙirjin rigunan mutane, har yanar ido ta zo ta rufe masa gani. A lokacin da nake ba ku labari ya haura tamanin. Abu ɗaya tak ya rage masa da yake so a duniya, kuma duk gidan mun sani ko da yake bai taɓa buɗe baki ya roƙa ba, wato takwara. Sunansa Tijjani, Allah ya yafe min da na faɗa gatsal, amma labarin ba ya yiwuwa sai da shi. Jikokinsa goma sha tara, babu mai wannan sunan. Ni Sabo, babban ɗansa, 'ya'yana shida duk mata, kuma ban raina kyautar Allah ba. Ƙannenmu mata sun haifi maza, amma ɗan wani gida sunan wani gida ake sa masa. Auta ma da 'ya'ya mata biyu ya fara.

Ranar sunan ta biyun ne, a gabana, Auta ya durƙusa ya ce, “Baba, in Allah ya ba ni namiji, kai ne. Ba sai an yi shawara ba.”

Baba ya ce, “Allah ya kai mu,” ya kau da kai kamar bai damu ba.

Bai damu ba? Tabɗi! Cikin Rabi matar Auta na fitowa ya sa na raka shi kasuwa ranar Juma'a, ya bi 'yan raguna ɗaya bayan ɗaya yana shafa ƙugunsu yana buɗe bakinsu da yatsa, har ya zaɓi wani fari mai baƙin kunne. Wata biyar yana kiwonsa da hannunsa. Harawa, dusa, ruwan kanwa, bai yarda kowa ya ba shi ba.

Na ce, “Baba, in kuma mace ce fa?”

Ya ce, “To sai ta ci nama. Kai dai ba ka iya fatan alheri ba.”

Ranar wata Talata da hantsi Rabi ta sauka. Namiji. Ni na kai wa Baba labari.  Ya ce a jawo masa ragon. Aka jawo, ya dafa bayansa ya ce, “To malam, kwananka bakwai.” Ya yi wata dariya da rabon da in ji irinta tun Inna tana raye. Wallahi ni ma sai da na fita waje na share ido.

Da Auta ya fito daga yi wa jaririn huɗuba na tare shi a tsakar gida na ce, “An yi da sunan?”

Ya ce, “Da Muhammadu na yi masa tukuna, Yaya. Ai kowane namiji Muhammadu ne kafin ranar suna.”

Gaskiya ne, ana yin haka. Amma yana faɗa yana kallon takalminsa, kuma na san Auta tun yana goye.

A makon ne jam'iyyar su Auta za ta yi babban taronta na fidda gwanin da zai tsaya mata takarar shugaban ƙasa. Kowa ya ji cewa wannan karon ɗan kudu za a ba, don haka mu a nan abin da ake ta taunawa shi ne wa zai ɗauko daga Arewa ya yi masa mataimaki. Shagon Auta na gyaran rediyo, nan bakin tasha kafin ka hau gada, shi ya zama majalisa. Mutane ko sunayen 'yan takarar ba sa iya faɗa daidai, sai suka laƙaba musu nasu. Akwai Mai Malafa, akwai Dogo, akwai wani Mai Jirgi, wai don yana da jiragen ruwa.

Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta na biya shagon don mu yi maganar goro da dabino. Na tarar benci biyu a cike, rediyo uku suna magana lokaci guda, babu mai sauraron ko ɗaya.

Wani mai kifi yana cewa, “In Dogo ya ci, ɗan Borno zai ɗauka. An gama wannan.”

Wani tela ya ce, “Dogo ba zai ci ba. Wakilan Sakkwato sun juya tun shekaranjiya.”

“Kai kana Sakkwaton?”

“Direban da ya sauke albasa jiya shi ya faɗa, kuma ƙanin matarsa mai gadi ne a gidan wani babba.”

Ka ji min hujja! Mutanen da in ka tambaye su nawa ne kuɗin makarantar 'ya'yansu sai sun je sun tambayi matansu, yau su ne suka san abin da ake raɗawa a ɗakunan otal.

A tsakiyarsu Gwadabe ne a hakimce kan kujera ɗaya tilo mai majingina. Gwadabe dillalin shanu ne a kara, amma yanzu an zaɓe shi cikin wakilan da za su je taron su jefa ƙuri'a, har ya ɗinka sabuwar shadda. Ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit.

Ya ce, “Ku daina wahalar da bakinku. Mai Malafa ne zai ci, kuma Kano zai zo neman mataimaki, don nan ƙuri'a take. A Kanon ma mutum ɗaya ne, Dokta Saifuddeen.”

Wannan Dokta Saifuddeen ɗin an ce asalinsa wani ƙauye ne a bayan Lajawa. Tun yana yaro aka tafi da shi, ya yi boko mai zurfi, ya riƙe babban aiki a Legas. Ni sau ɗaya na taɓa ganinsa, ya zo ta'aziyya, bai sauke gilashin mota ba sai a ƙofar gidan makokin. Amma a makon nan ya zama ɗan'uwan kowa. Wannan ya ce kakarsa ce ta yanke masa cibiya, wancan ya ce ubansa ne ya koya masa iyo a kogi.

Gwadabe ya juya ga Auta ya ce, “Kai kuwa Allah ya kashe ya ba ka. Dokta mutum ne mai son takwara. Akwai masinjansa a Legas da ya sa wa ɗansa sunansa, yanzu yaron yana can ƙasar waje yana karatu. Litinin za a sanar, Talata sunan ɗanka. Kai ne na farko a duk ƙasar nan. Ni zan kai masa labarin da bakina.”

A lokacin ne Auta ya hango ni a bakin ƙofa. Ya miƙe da rawar jiki yana, “A'a, Yaya, sannu da zuwa, ya makaranta, ya yara, ya gajiya?”  Na ce ya biyo ni bayan shago.

Na ce, “Abin da kunnena ya ji gaskiya ne?”

Ya ce, “Yaya, tsaya ka ji. Ban ce na fasa ba. Dubawa nake. In an ɗauki Dokta, a sa Saifuddeen, Baba kuma na gaba nasa ne, Rabi ai yarinya ce. In ba a ɗauke shi ba, shi ke nan, sunan Baba yana nan. Ka ga ta ko'ina babu asara.”

Na ce, “Babu asara? Ubanka ne ka mayar safayar taya? Mutumin da ya haura tamanin kake ce wa ya jira na gaba? Kai, Auta, ka ji tsoron Allah!”

Sai ya ɗago ya kalle ni, idonsa ya kaɗa. Ya ce, “Ina jin tsoron Allah, Yaya. Amma dube ni. Shekara goma sha ɗaya ina shaƙar hayaƙin dalma a wannan akurkin. Dube ka, shekara ashirin da biyu kana kan keke ɗaya. Duk zuriyarmu wa muke da shi a sama? Wa zai ɗaga waya saboda mu? Sunan Baba me zai ba yaron nan, allura da zare?”

Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, sai na ga masu kifi suna leƙenmu. Na sauke. Kuma in faɗi gaskiya, maganar keken ta soke ni, don ba ƙarya ya yi ba. Na ce, “Taura biyu ba ta taunuwa, Auta.” Na ja kekena na tafi.

A nan ne nawa laifin ya fara. Da na je na gaya wa Baba a ranar, ko na kira ƙannenmu mata mu taru a kansa, da wataƙila an kashe wutar tun tana ƙarama. Amma na gaji. Na gaji da Auta, na gaji da zama babba, na gaji da siyasar da ba ta taɓa kawo mana komai ba sai faɗa a gida. Na ce a raina ai Gwadabe bai taɓa faɗar abu ya tabbata ba, ko bijimi ya nuna maka ya ce ɗan bana biyu ne, sai ka buɗe bakin bijimin ka duba haƙora. Mai Malafa zai faɗi, magana ta mutu, Baba ba zai taɓa ji ba.

Ranar Asabar wakilai suka tafi a motoci biyu ana ta busa ƙaho. Ni kuma na shiga duba mai jego. Rabi ta ɗago jaririn daga bayan labule tana cewa, “Yaya, ga Abba yana gaishe ka.” Har ta fara yi masa alkunya, don ba za ta iya kiran sunan surukinta ba. Na ce Allah ya raya, na fito da sauri. Baba kuma ya sa na ciro masa farar rigarsa daga ƙasan adaka, wadda ya ɗinka wa kansa da idonsa kafin ya rufe, na kai mabuga aka buge ta. Ranar Lahadi ya sa aka wanke ragon da sabulu, yana zaune yana ba da umarni a cuɗa bayan kunne.

Litinin da hantsi ina cikin aji na ji babura suna ta ƙugi a kan titi. Mai Malafa ya ci. Innalillahi! Sau ɗaya a rayuwarsa Gwadabe ya faɗi gaskiya, kuma sai a kaina.

Da yamma na sake biyawa shagon. Ba a sanar da mataimaki ba, amma kowa ya san shi. An ce sunaye uku ne a takarda, na Dokta ne a sama. An ce a'a, biyar ne, kuma gwamnonin da aka zaɓa sun ce sai dai a ɗauki ɗayansu. An ce an ga Dokta ya shiga ɗakin Mai Malafa ya yi awa biyu. Tela ya ce awa biyu alamar alheri ce, mai kifi ya ce awa biyu rarrashi ne, wanda za a ba minti biyar ya ishe shi. Suka kusa dambe a kan wannan.

Na ce wa Auta, “Gobe bayan asuba mutane za su taru. Wane suna za ka ba Liman?”

Ya ce, “Labaran ƙarfe bakwai za su faɗa, Yaya. Dole su faɗa.”

Na ce, “Ƙarfe shida da rabi ake raɗa suna a unguwar nan tun kafin a haife ka.”

Ya ce, “Rabin awa ne kawai.”

Na ja kekena na koma gida. 

Talata ana fitowa daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Jama'a kuwa sun zo, don Baba mutum ne na mutane. Dangin Rabi daga Achika, abokan aikina, tsofaffin maɗinka, 'yan majalisar shagon Auta, duk an zauna ana ta gaisawa. Farantan goro da dabino a tsakiya. Ragon yana ɗaure a gindin dalbejiya, mahauci yana wasa wuƙa a gefe, maroƙin da zai ɗaga sunan yana gyara murya. Baba yana zaune kan buzunsa ya jingina da bango, cikin farar rigar nan, ni ina damansa, ya ɗora hannunsa a kan gwiwata. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, “Yau dai an samu,” shi kuma ya ce, “Ku bari dai a raɗa,” yana murmushi.

Liman ya duba agogo ya ce, “To ina uban yaro? A zo a faɗa mana.”

Auta ya matso ya durƙusa ya ce, “Allah gafarta Malam, a ɗan dakata, kawun mai jego bai ƙaraso daga Achika ba.”

Wani dattijo daga bayan Liman ya ce, “A'a, ai ga ni nan, tare muka yi salla.”

Aka yi dariya. Auta ya ce, “Au, to, sauran goro ne za a kawo.” Ya tashi ya shige soro. Na ga aljihun rigarsa ya rinjaya gefe guda, na san 'yar rediyonsa ce a ciki.

Aka zauna. Rana ta fara fitowa. Masu zuwa gona suka fara gyara zama, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya duba agogo sau uku. Hira ta ƙare, sai tari da kukan ragon. Daga cikin gida ana jin mata sun yi shiru suna jiran muryar maroƙi su rangaɗa guɗa. Ni kuwa gumi nake a wannan sanyin safiyar. Can sai ga kiɗan buɗe labarai yana fitowa daga soro, ƙasa-ƙasa, amma wanda ido ya bari kunne ba ya barinsa.

Baba ya ce, “Sabo.”

“Na'am, Baba.”

“Me ake jira?”

“Goro ne bai...”

“Goro yana gabana, har na ɓare ɗaya. Shekara arba'in da biyar ba ka iya ƙarya ba, yau za ka koya? Me ɗan'uwanka yake saurare a rediyo ranar sunan ɗansa?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sunkuya dab da kunnensa na gaya masa duka, Gwadabe, da Dokta, da in an ɗauka da in ba a ɗauka ba. Ina faɗa ina jin kamar ni na ƙulla abin. Bai motsa ba. Murmushin ne kawai ya tafi a hankali.

Ya ce, “Ya sunan mutumin?”

“Saifuddeen.”

“Suna ne mai kyau.” Sannan ya ce, “Kai tun yaushe ka sani?”

“Tun Alhamis.”

 Ya ɗauke hannunsa daga kan gwiwata ya mayar cinyarsa. Da zagina ya yi a gaban jama'a da ya fi min sauƙi.

Sai ya ɗaga murya ya ce, “Malam Liman, matso.” Liman ya matso, Baba ya raɗa masa. Na ga Liman ya ja baya yana kallonsa.

Ya ce, “Malam Tijjani, anya? A kira uban yaron dai.”

Baba ya ce, “Ni na haifi uban yaron, ragon ma nawa ne. Mutane suna da gonaki da kasuwa, ba za a shanya su a ƙofar gidana ba. Raɗa.”

Na ce, “Baba, don Allah...”

Ya ce, “Kai ka yi shirunka, ai ka iya.”

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Ya faɗa wa maroƙi, maroƙi ya miƙe ya toshe kunne ɗaya ya kwarara, “Sunan yaro Saifuddeen! Allah ya raya Saifuddeen!” Mahauci ya kayar da ragon. Tsofaffin maɗinkan nan suka kalli juna. A cikin gida guɗar ma sai da ta yi jinkiri, sannan wata ta fara ita kaɗai ta katse a tsakiya. 'Yan majalisar shago ne kawai suka ɗau sowa suna, “Sai Dokta!”

Auta ya fito daga soro a guje, rediyo a hannu, eriya a miƙe. Ya nufo ni fuskarsa a washe ya ce, “Yaya, an sanar ne? A wace tasha? Ni tawa ba su kai wurin ba!”

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “A tashar ubanka aka sanar! Ga shi nan zaune, tambaye shi!” Sai da abokan aikina biyu suka riƙe ni. Ya kalli Baba, ya kalli jinin ragon yana bin ƙasa, sannan ya gane. Ya kashe rediyon. Baba kuwa yana ta amsa “Allah ya raya” da “Amin, amin, mun gode,” ɗaya bayan ɗaya, har mutum na ƙarshe ya tafi.

Yinin nan dai an yi shi ne kawai. An dafa, an ci, mata sun shigo da kwanuka sun fita. Ƙanwarmu Hansai ta ce min Rabi tun safe take kuka, ta ƙi cin komai, dangi suna ta ba ta baki wai kada nono ya ɗauke. Da azahar Hansai ta ɗauko jaririn ta kawo wa Baba a soro. Al'adarsa duk jikan da aka miƙa masa sai ya tsokane shi, in mace ce ya ce amaryarsa ta zo amma ta cika muni, in namiji ne ya ce ga ɓarawon tuwonsa. Wannan karon ya karɓe shi, ya shafa kansa da aka aske, ya tofa masa addu'a mai tsawo, ya ce, “Allah ya yi maka albarka. Mayar wa uwarsa, kada ya sha iska.” Hansai ta fita tana goge ido da gefen mayafi.

Ba a sanar da mataimakin ba sai labaran ƙarfe huɗu. Wani ne can daga wata jiha, mutumin da ko sau ɗaya ban ji an ambaci sunansa a shagon Auta ba. Ba ya cikin ukun, ba ya cikin biyar ɗin. Kafin a yi sallar magariba tela yana cewa ai shi dama ya san haka za a yi. Oho dai.

Ina zaune a soro da Baba, sai ga Auta ya shigo. Ya cire hula, ya zube a gabansa.

Ya ce, “Baba, na yi kuskure, ka yafe min. Na je na tambayi Liman, ya ce ana canza suna, babu laifi a addini. Gobe da asuba sai a sanar a masallaci. A mayar masa da naka, Baba. Dama naka ne.”

Baba ya ce, “An ɗauki mutumin naka?”

“Ba a ɗauke shi ba.”

“Ash. Allah ya ba shi haƙuri.” Ya gyara zama. “To Nasiru, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka yi min irin ta yayanka. Da an ɗauke shi, da ka zo?”

Auta ya buɗe baki. Ni ina ta addu'a a raina ya ce wani abu, ko ma mene ne, ko ƙarya ce. Baba ya karkato kunne yana jira, kuma da gaske jira yake, na ga alamar yana so a ba shi amsar da zai iya riƙewa. Aka yi shiru har muna jin mata suna wanke tukwane a cikin gida. Auta ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan hular da ke hannunsa.

Baba ya ce, “To. A bar wa yaro sunansa.”

Ya dafa ƙasa zai tashi. Na yi wuf na miƙa masa hannu, Auta ma ya miƙo nasa.

Ya ce, “Ku bar shi, na san hanya.”

Ya lalubi bango da tafinsa, ya bi shi a hankali har ya shige ɗakinsa, mu biyu muna durƙushe muna kallo.